Ranar da Katsuzo Ya Dumama Ruwan Takarda

Motar da ta ɗauki Yaya Jinpei zuwa asibiti ba ta gama shan kwana ba, Katsuzo ya juyo ya dube mu, ya buga ƙirji, ya ce, "To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Takardar ɗakin bauta ta dawo hannuna."

Sai a lokacin gabana ya faɗi. Santsin ƙanƙarar da ya kayar da Yaya a bakin rafi bai tsorata ni haka ba, don ƙugu ne ya goce, kuma likitoci sun san yadda ake mayar da ƙugu.

Katsuzo mijin Mineko ne, 'yar yayana. Shekara biyu ke nan da ya baro Osaka, inda yake tallar tukwanen dumama ruwan wanka gida-gida, ya shigo gidanmu ya ɗauki sunanmu, tunda Yaya bai haifi namiji ba. A shekara biyun nan abu ɗaya ya ƙware a kai cikin sana'ar takarda: ya tsaya a bayan mai aiki, hannu a aljihu, yana gaya masa yadda mutanen Osaka za su yi da a ce su ke yin abin. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Yana da fara'a, yana da kyauta, yana son Mineko kamar ransa. Bakinsa ne kawai ya riga hannunsa girma.

Gida bakwai ke yin takarda a kwarinmu, kuma duk shekara gida ɗaya ne ke kawo manyan takardu ɗari uku da ake sabunta ƙofofi da fitilun ɗakin bauta na kan tudu da su kafin bikin bazara. Da ɓawon bishiyar kozo ta gonarka za ka yi, ba aro, ba saye. In ka kasa, a tsallake ka zuwa gida na gaba, ka jira wata shekara bakwai ɗin. Wannan shekarar tamu ce, Yaya kuwa yana da shekara saba'in da tara. Tun kaka yake gaya wa duk wanda ya tsaya gaishe shi cewa abin da ya rage masa a duniya ke nan: ya ƙara ganin takardarsa a ƙofar can sau ɗaya tak, sannan ya tafi ya huta. Ba wasa yake ba, kuma mun san ba wasa yake ba.

"Gwaggo Tsune," in ji Katsuzo, "kwana nawa Baba yake yi a kan ɗari ukun nan?"

Na ce, "Goma sha biyu, in hannu ya yi daɗi. Cikin takarda uku, biyu yake mayarwa ruwa."

"Ai shi ya sa. Ni ba zan mayar da ko ɗaya ba. Kwana uku."

"Katsuzo, ka taɓa riƙe rariyar yin takarda?"

"Na ga ana riƙewa sau dubu."

"Ni ma na ga jirgin sama yana tashi sau dubu."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, wai na iya ban dariya. Na roƙe shi ya bari Yaya ya dawo, sati ɗaya aka ce, mu zaunar da shi a kujera yana gaya masa yadda zai yi. Ya ce in Baba ya dawo ya tarar an gama, ƙugun ma da kansa zai ƙarasa warkewa. Ba yadda na iya da shi. In mai gida ya kasa, magajin gida ne ke riƙe rariya. Ni yatsuna sun daɗe da lanƙwashewa, Mineko kuwa shanya ce aikinta tun tana budurwa.

Ɓawon dai mun riga mun sha wahalarsa. Mun turara, mun ɓare, mun shimfiɗa a kan dusar ƙanƙara har ya yi fari fat, mun dafa da toka, sannan ni da Mineko muka yi wata guda durƙushe a ruwan rafi muna tsince baƙi-baƙin da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Na shekara guda ke nan gaba ɗaya, babu wani sai wani hunturun. Saura duka kawai, a ɗora a kan dutse a yi ta bugu da kulki har ya yi laushi.

Katsuzo ya ɗauki kulki ya jinjina, ya buga sau huɗu, ya ajiye.

"Wannan ai azabtar da kai ne. Mineko, ina injin wankinki?"

"Maigida, me injin wanki ya yi maka?"

"Me kulki yake yi? Bugu da juyi. Me inji yake yi? Bugu da juyi. Bambancin, inji ba ya ciwon kafaɗa."

Ya cusa kashi ɗaya cikin huɗu na ɓawon a ciki, ya murɗa. Da farko injin ya yi gurnani kamar abin kirki. Can sai ya fara tari, ya koma rawa, daga nan ya kama tafiya. Da idona na ga injin wanki ya ratsa tsakar gida ya nufi ƙofa, Katsuzo ya rungume shi ta baya yana ihu a cire waya. Daidai lokacin Isokichi maƙwabcinmu ya leƙo. Sa'ana ne, tare muka yi makaranta, kuma gidansa ne ke bin namu a layi, don haka tun da ya ji an tafi da Yaya ya zama mai yawan zumunci.

Ya matsa gefe ya ba inji hanya, har da sunkuya masa. "A sauka lafiya. Katsuzo, dubiya za ku je asibiti ku biyun?"

"Gwaji nake yi, Isokichi-san," in ji Katsuzo, har da "san" ɗin girmamawa.

"Wa ke gwada wani?"

Da aka cire waya aka buɗe, ɓawon ya nannaɗe a jikin ƙarfe ya zama ƙulli ɗaya, baƙin mai ya shiga ko'ina. Tsintar sati guda ta hannuna ke nan ta tafi. Katsuzo ya leƙa ya girgiza kai, ya ce wutar ƙauye ce ba ta da tsari, a Osaka da tuni an gama an shanya. Ni da Mineko muka daki sauran da kulki har yamma, shi kuma yana zagaya mu yana cewa mu riƙa bugawa daga kafaɗa.

Washegari da safe ya ɗaura igiya. Igiyar karan shinkafa ce da ake gittawa a ƙofar ɗakin aiki in za a yi takardar ɗakin bauta. In an ɗaura ta, mai rariya kaɗai ke shiga da fita, ba mai ƙetarewa sai malamin ɗakin bauta ya zo ya kwance ta ranar shanya. Ya ja ƙofa ya rufe. Ni kuwa na lashi yatsa na huda takardar ƙofar, na sa ido. Ban jima ba na ji numfashi a gefena, ashe Isokichi ne ya huda tasa.

Na ce, "Ƙofarmu ce fa."

Ya ce, "Zan kawo miki takarda mai kyau ki liƙe. Ta gidanmu."

Katsuzo ya cika komi da ruwan rafi, ya zuba ɓawon, ya zuba yauƙin tororo, ya naɗe hannun riga, ya waiwayo wajen hudojin don ya tabbata ana kallo, sannan ya tsoma hannu har gwiwa. Ƙarar da ya yi sai da karen gidan ƙasa ya amsa. Ya fizge hannun ya cusa a hammata yana tsalle.

"Gwaggo! Wannan ba ruwa ba ne, reza ce!"

"Da ita Baban naka yake wanke hannu shekara sittin."

"To an daina daga yau."

Ya fito ya nufi ɗakin ajiya, ya dawo yana jan tukunyar dumama ruwa, ɗaya daga cikin waɗanda ya kasa sayarwa. Ya haɗa tiyo, ya hura wuta. Kafin hantsi tururi na fita ta tagogi.

Na manna baki a huda. "Katsuzo, kashe wutar nan! Yauƙin zai tsinke!"

Ba wanda aka haifa a kwarin nan da bai san wannan ba. Saiwar tororo 'yar uwar kuɓewa ce, sai dai ita ba ta shiri da zafi ko kaɗan. Yauƙinta ne ke raba zaren ɓawon a cikin ruwa, ya hana ruwan saurin zubewa ta rariya, har mutum ya samu ya girgiza takarda ta kwanta daidai. In takardar ta kwana kuma sai yauƙin ya ɓace da kansa, shi ya sa muke jibga jiƙaƙƙun takardu a kan juna ba komai a tsakani, mu zo mu ɓare su ɗaya-ɗaya lafiya lau. Saboda shi muke aiki cikin hunturu, ba son wahala muke ba.

Daga cikin tururi Katsuzo ya ce, "Gwaggo, tororon bai taɓa jin daɗi ba ne. Bari ya ɗanɗana."

Mutane suka fara taruwa, don tururi a ɗakin takarda abin a zo a gani ne. Matan gidajen ƙasa suka taho da ɗinkinsu, kowace ta lashi yatsa ta nemi wuri. Isokichi ya ɗaga murya ya ce, "Katsuzo, in akwai sauran fili in ɗauko tawul da sabulu!"

Rariya tana rataye ne da igiyoyi a jikin sandunan gora da ke sama, su ke ɗaukar rabin nauyinta. Katsuzo ya ce sandunan sun yi lagwani, ya ƙara musu robar tayar keke. Ya tsoma rariya ya ɗago, ruwan ya zube shaa kamar ta kwando, ɓawon ya taru curi-curi a tsakiya. Ya sake, haka. A na uku ya danna da ƙarfin tsiya, hannunsa ya suɓuce, roba ta yi aikinta. Rariya ta tashi sama ta make shi a fuska, ta bar masa jiƙaƙƙen ɓawo daga goshi har haɓa.

Bayan ƙofa kowa ya toshe baki. Wata ta kasa riƙewa, sai kowa ya fashe.

"Ta farko ta fito!" in ji Isokichi. "A kai shi rana ya bushe."

Katsuzo ya yaye abin daga fuskarsa, ya ɗaga shi wajen haske ya duba, kamar yadda ya ga Yaya yana yi. "Ruwan ya yi daidai," ya ce. "Tororon ne ragon iri."

Kwana na biyu ya tashi da fara'a, abin da ya fi komai ba ni tsoro. Ya sa Mineko ta dama masa kunun shinkafa cike da babbar tukunya, irin wanda muke liƙa takarda a ƙofa da shi. Ita baiwar Allah ta ɗauka ƙofar da aka huhhuda zai gyara, har da ƙara masa kauri. Sai da na ga ya kinkimi tukunya ya wuce ƙofa ya nufi komi na gane.

"Katsuzo! Me za ka yi da wannan?"

"Yauƙi, Gwaggo. Naku ba ya son zafi, nawa a wuta aka haife shi."

"Wannan ba yauƙi ba ne, gam ne!"

"Me yauƙi yake yi? Riƙewa. Me gam yake yi? Riƙewa. Bambancin..."

"Bambancin, ɗaya yana saki!"

"To ai nan raunin sana'arku yake. Tun kakanni kuna aiki da abin da ke saki."

Na yi kansa. Na tura ƙofa, na ɗaga ƙafa zan ƙetare, sai Isokichi ya yi gyaran murya a bayana.

"Tsune, igiya ce fa."

"Na gani, ni ba makauniya ba ce."

"A'a, tuna miki kawai na yi. In kin ƙetare, takardar ta ɓaci ko da ta yi kyau."

Gaskiya ya faɗa, ja'irin tsoho. Shekara saba'in da uku ban taɓa ƙetare igiyar nan ba, uwata ma ba ta taɓa ba. Na tsaya da ƙafa ɗaya a iska ina kallo mijin 'yarmu ya juye kunun nan tas a cikin ɓawon shekara guda, har da kankare gindin tukunya. Ban taɓa jin haushin ƙafata irin na ranar ba. Na koma dakali na zauna na yi kuka, ba na ɓoyewa, Mineko ta zo ta zauna kusa da ni ta taya ni.

Abin takaicin, takarda ta fara fitowa. Ba kyakkyawa ba, wani gefe kauri, wani gefe har kana hango rariya, amma tana kwanciya. Katsuzo ya samu abin da yake so. Yana ɗagowa, yana kifewa a kan tuli, yana ƙirgawa da ƙarfi don na bayan ƙofa su ji. "Arba'in da ɗaya! Wa ya ce kwana goma sha biyu? Arba'in da biyu!" Ya tuɓe riga saboda zafi, ya ɗaura tawul a ka, har waƙa yake yi. A ranar hudojin ƙofarmu sun kai ashirin da shida, har da wata can ƙasa wadda nake zargin ta kare ce.

Wata daga cikin matan ta raɗa min, "Tsune-san, ko dai mutumin nan ya gano wani abu ne?"

Na ce, "Zai gano."

Rana ta uku da tsakar rana ya kai ɗari uku, ya leƙo ya sanar, ya jira a tafa masa. Isokichi kaɗai ya tafa. Saura matsewa. Mu, tulin yakan kwana tukuna, sannan a ɗora katako, a riƙa ƙara dutse ɗaya-ɗaya daga safe zuwa yamma don ruwan ya fita a hankali. Katsuzo ya ce dutse ɗaya-ɗaya aikin wanda ba shi da mota ne. Ya ɗauko jak, ya kafa a kan katakon, ya tokare shi da gungume zuwa babbar azarar rufi, ya kama bugawa.

Ruwa ya yi ta tsartuwa ta gefe. Azara ta ce ƙiii.

"Maigida, ɗakin yana magana!" in ji Mineko.

"Yabo yake yi."

Ya ƙara bugu uku. Rufin ya ɗan ɗaga, dusar ƙanƙarar da ke kansa kuwa, wadda tururin kwana uku ya riga ya sassauta mata gindi, ta taho gaba ɗaya. Ni da matan mun ji motsinta muka ja da baya. Isokichi idonsa na cikin huda.

Sai da muka tono shi da shebur. Da kan nasa ya ɓullo waje, hula a karkace, gira fari fat, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ya fasa tulin?"

Na ce, "Bai fasa ba."

"Yauwa. Kada a yi ranar shanya ba abin kallo."

Katsuzo bai tsaya nan ba. Ya ja tulin kusa da tukunyarsa ya bar wuta tana ci, wai ya rage wa rana aiki. Kwana huɗu suka rage kafin ranar shanya, kuma tulin ya yi su ne a gefen wuta. Shi kuwa ya yi su a gari, daga shagon aski zuwa tashar mota, yana ba da labari. Mai aski ya ce min a wajensa kwana ukun sun riga sun koma biyu da rabi. Har waya ya buga wa wata jaridar birni su turo mai hoto.

Wajen cin abinci Mineko ta zuba masa miyar miso ta ce, "Maigida, ka gwada ɓare ko guda ɗaya ka gani?"

"Haba, Mineko. A gaban jama'a ake buɗe irin wannan."

"To in ta ƙi fa?"

"Ta ƙi wa? Ni na yi ta."

Ni kuwa na hau tudu da tsofaffin gwiwoyina na sami malamin ɗakin bauta, na roƙe shi ya sauko ya kwance igiyar tun yanzu, ko ma ceci wani abu. Ya saurare ni tsaf, ya ba ni shayi, ya ce rana ita ce rana, ba a matso da ita. Sau biyu kuma na je asibiti da niyyar gaya wa Yaya. Sau biyun ya tambaye ni ɓawon bana, na buɗe baki na ce masa sanyi ya yi yawa a gida.

Ranar shanya gari ya waye tas, irin ranar da ake roƙo. Gidaje bakwai suka fito da allunansu kamar yadda aka saba, aka jera su a filin gaban gidanmu suna fuskantar rana, mata riƙe da burushi suna jiran a miƙo takarda ɗaya-ɗaya su shafe a allo. Malam ya sauko da farar rigarsa. Mai hoto ya iso. Ana cikin haka mota ta kawo Yaya, aka ɗauko shi a kujera, an lulluɓe masa ƙafa da bargo. Ya rame, amma idonsa na kan ƙofar ɗakin aiki. Ya dubi hudojin, ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Malam ya kwance igiya. Katsuzo, cikin sabuwar riga, ya sa maza huɗu suka ɗauko tulin. Tun daga nishin da suke yi na san an gama. Da suka dire shi a kan benci, ƙarar da ya yi ba ta takarda ba ce.

Katsuzo ya yi jawabi. Ya gode wa magabata, ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu da ɗan abin da suka sani. Ya ce daga bana ba wanda zai ƙara tsoma hannu a ruwan sanyi a kwarin nan, kuma duk mai son koyo ƙofarsa a buɗe take. Sannan ya juya wa mai hoto gefen fuskarsa da ya fi so, ya sa yatsa biyu a kusurwar tulin don ya ɗago ta farko.

Ba ta ɗago ba. Ya sa farce, farcen ya karye. Ya koma wata kusurwar. Ya zagaye duka huɗun yana murmushi, murmushin yana ƙanƙancewa.

"Kunyar mutane take ji," ya ce. "Mineko, wuƙa."

Wuƙa ta lanƙwashe. Aka kawo guduma da ƙusa, ƙusar ta shiga ta ƙi fita. Isokichi ya tafi gida da kansa ya ɗauko zarto, ya miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi.

"Yanka a tsaye, Katsuzo. In ka yi sa'a za ka samu ɗari uku, sai dai ƙanana."

Katsuzo gumi yake yi cikin sanyin nan. Ya hau kan tulin da gwiwa, ya damƙi kusurwa da filaya, ya ja da dukkan ƙarfinsa. Filaya ta suɓuce, ya tafi da baya ya bugi allon farko, na farko ya bugi na biyu, haka suka yi ta bin juna har ƙarshen fili, allunan gida bakwai, mata suna tsalle suna ihu. Mai hoto ya samu abin da zai koma da shi birni.

Malamin ɗakin bauta mutum ne da bai taɓa dariya a bakin aiki ba, kuma aikinsa ne ya ƙirga. Ya zagaya tulin, ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya miƙe ya fuskanci jama'a.

"Gidan Jinpei ya kawo takarda..." Ya haɗiye wani abu. "Ɗaya."

"Amma fa mai kauri," in ji Isokichi.

Aka kwashe da dariya har wasu na riƙe ciki. Malam ya jira aka lafa, sannan ya faɗi abin da dole ya faɗa, cewa ta bana ta koma gidan Isokichi. Nan dariyar ta mutu, don kowa ya tuna wanda ke zaune a kujera. Isokichi kansa ya cire hula, ya rasa inda zai sa ido. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara bakwai Yaya yana gyaran gonar kozon nan saboda wannan safiyar.

Yaya ya ce a matso da shi. Ya shafa saman tulin da tafin hannu a hankali, ya sunkuya ya shinshina.

"Shinkafa," ya ce.

"Ta bana ce, Baba," in ji Katsuzo daga ƙasa, murya ciki-ciki. "Mai kyau."

Yaya ya ɗago kai ya dubi malam. Can ya ce, "Malam, yaushe za ta dawo kanmu?"

"Bayan shekara bakwai, Jinpei-san."

"Tsune, saba'in da tara da bakwai?"

"Tamanin da shida, Yaya."

Ya ja dogon tsaki. "Katsuzo, zo nan. Ka san abin da ka ja min? Na gaya wa kowa bana zan tafi. Na yi sallama da mutane, wasu har sau biyu. Na gama shirina tsaf, jira nake in ga ƙofar can in kwanta. Yanzu dole in fasa. Shekara bakwai, da wannan ƙugun, ina tashi da sassafe ina kallon fuskarka! Don ba zan mutu in bar kwarin nan yana cewa wannan ce takardar ƙarshe da ta fito daga gidana ba." Ya nuna tulin da sandarsa. "Gobe ka same ni a bakin rafi. Hannunka zai zauna a ruwan nan har ya daina jin sanyi, ko ya cire."

Mineko ta toshe baki, ban san ko kuka take ko dariya ba. Ni dai duka biyun nake yi.

Katsuzo ya durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya daɗe a haka. Na ce a raina, yau dai bakin nan ya mutu. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi Yaya, ya dubi jama'a, sai na ga ƙirjin yana dawowa a hankali. Ya yafito mai hoto.

"Rubuta wannan. Likitocin birni sati guda suka yi a kansa, ƙugu kawai suka iya gyarawa. Ni kwana uku na yi, na ƙara masa shekara bakwai."

Sandar Yaya ta same shi a ƙwauri, ƙarar ta kai har bakin rafi. Na dubi yadda tsohon ya ɗaga ta, da ƙarfin da ya sa, da yadda ya gyara zama yana neman ƙari, sai hankalina ya kwanta. Zai kai.